Inshorar lafiya: kafin ka zaɓi mai araha, duba wa aka yi wa iyaka

Makon da ya wuce yayata ta turo min hotunan wasu takardu a waya, wai wurin aikinsu an canza kamfanin inshorar lafiya, an ba su tsari biyu kowa ya zaɓi ɗaya kafin ƙarshen wata. A ƙasan hotunan ta rubuto: "Ƙanina duba min wannan dan Allah, ni dai na ga na farkon ya fi sauƙi, rabin kuɗin ɗayan za a dinga cira." Nace mata Yaya ki bani kwana biyu. Na zauna da takardun nan ina ta zuƙo rubutun da yatsa saboda ƙanƙantarsa, shafin farko duk manyan haruffa ne da hoton likita yana murmushi, an jero ganin likita, gwaji, magani, kwanciya, tiyata, kowanne an saka masa alamar akwai. Sai can wajen ƙarshe, a wani ɗan layi da in ba ka lura ba zaka wuce shi, na ga inda aka rubuta iyakar abin da kamfanin zai biya wa mutum ɗaya a shekara. Kuma ɗanta na biyu yana da asma, bara sau biyu aka ba su gado.

Tun daga ranar abin yake min yawo a rai, domin na san ba ita kaɗai ba ce, kusan kowa in aka miƙa masa irin wannan zaɓi idonsa kan kuɗin wata-wata yake fara sauka, kuma ba laifinsa bane, shi ne kuɗin da zaka ji fitarsa duk wata ko ka yi ciwo ko baka yi ba. Amma ni abin da nake so na faɗa shi ne, ba don shekarar da kake lafiya lau ake sayen inshora ba, don mummunar shekara ake saya, wadda ba a fata, wadda in ta zo sai an sayar da kadara. A Amurka inda ake bin lissafin nan sosai, kusan rabin duk kuɗin da ake kashewa a jinya a shekara yana tafiya ne kan kashi 5 cikin 100 na mutane kawai. Ma'ana yawancinmu a yawancin shekaru ɗan abin da muke kashewa bai taka kara ya karya ba, sai ran nan kwatsam mutum ya tsinci kansa cikin kashi biyar ɗin nan, haɗari ne, ko tiyata, ko ciwon daji, ko wankin ƙoda, Allah ya kiyaye. To tsarin da zai tsaya maka a wannan shekarar shi ne inshora. Wanda zai biya maka maganin mura da ciwon kai amma ya janye jiki ranar da aka ce tiyata, wannan ragin farashi kawai ka saya.

Bari mu ware kuɗaɗen ɗaya bayan ɗaya, don nan ne ake rikita mutane. Akwai kuɗin wata-wata, shi kowa ya sani. Akwai kuma wani da zan kira kuɗin fari, wato wani adadi da sai ka fara kashe shi daga aljihunka a cikin shekara kafin kamfani ya sa hannu, in an ce kuɗin farinka 1,000 ne kuma duk jinyarka ta shekara 800 ce, to ko sisi ba za su biya ba, kai ka biya komai ga kuma kuɗin wata-wata. Bayan ka tsallake wannan sai a shiga raba nauyi, wani tsarin yace duk zuwa ganin likita ka ajiye wani ɗan tsayayyen kuɗi, wani kuma yace kai ka biya kashi 20 cikin 100 na bil su biya 80. Kashi 20 ɗin nan ba komai bane in bil ɗin ƙarami ne, amma kashi 20 na babbar tiyata ai shi kaɗai ya isa ya durƙusar da gida.

Shi yasa na huɗun ya fi duk sauran muhimmanci, wato iyaka. Kuma iyakar nan iri biyu ce, sunansu ya yi kama amma kishiyoyin juna ne. Ta farko iyaka ce a kan abin da zai fita daga aljihunka, in ka kai wannan adadin a shekara shikenan ka gama, duk abin da ya biyo baya kamfani ne zai ɗauka ko nawa ne. Ta biyu iyaka ce a kan abin da kamfani zai biya, in sun kai nan su sun gama, duk abin da ya biyo baya naka ne ko nawa ne. Ta farko kai take karewa, ta biyu kamfani take karewa. Dokar lafiya da Obama ya sa wa hannu a 2010 a Amurka, cikin manyan abubuwan da ta yi har da hana kamfanoni saka irin iyaka ta biyu a kan muhimman ayyukan jinya, ta kuma tilasta a saka ta farko. A Suwizalan, inda inshora ta zama dole tun 1996, babba yana zaɓar kuɗin farinsa tsakanin faran 300 zuwa 2,500, bayan nan ya biya kashi 10 cikin 100, amma kashi goman nan baya wuce faran 700 a shekara. Kaga mutum tun ranar da ya sa hannu ya san ƙarshen abin da zai iya fita daga hannunsa. A wurare da yawa kuma ba haka abin yake ba, iyakar kamfani ce ke cikin takarda, wani lokacin ma ba ɗaya ba, kowane fanni da tasa, kuɗin gado kaza a rana, tiyata kaza, magani kaza, haihuwa kaza.

Ga misali da lambobin da na tsara don a gane, ka ɗauke su da kowane irin kuɗi kake so. Tsari na ɗaya kana biyan 100 a wata, 1,200 kenan a shekara, kuɗin fari 3,000, bayan nan kashi 30 naka, iyakar aljihunka 8,000. Tsari na biyu 250 a wata, 3,000 a shekara, kuɗin fari 500, kashi 20 naka, iyakar aljihunka 3,000. In shekara ta zo da sauƙi jinyarka gaba ɗaya 300 ce, mai tsari na ɗaya ya kashe 1,500, mai na biyu ya kashe 3,300, na ɗaya ya ci riba sosai. In jinyar ta kai 5,000, na ɗaya ya kashe 4,800, na biyu 4,400, sun kusa zuwa ɗaya. In kuma babbar ce ta zo, bil ya kai 50,000, na ɗaya zai tsaya a 9,200, na biyu a 6,000. Dukkansu da ciwo amma ana iya tashi. To yanzu kawo tsari na uku, 80 kacal a wata, babu kuɗin fari, babu kaso, daga ranar farko komai su ne ke biya, sai dai kamfani baya wuce 10,000 a shekara. A shekara mai sauƙi babu kamarsa, wallahi har zaka dinga tallata shi wa abokai. Ranar da bil ya kai 50,000 kuwa, 40,000 a wuyanka take, ban da 960 da ka riga ka zuba. Wannan na ukun shi ne irin wanda yayata ta so ɗauka.

Lissafin da nake so kowa ya yi kenan, ba wuya, biro da takarda ne. Ka haɗa kuɗin wata goma sha biyu da abin da zaka kashe a shekara mai sauƙi, sannan shekara irin wadda ka saba gani, sannan mafi muni. Lamba ta ukun ita ce zaka tsaya ka kalla da kyau ka tambayi kanka, in ta zo, ina zan samo wannan?

Amma fa kar wani ya ɗauka ina cewa mai tsada shi ne mai kyau, sam. Araha bata ado gaskiya ne, amma tsada ma ba kullum take ado ba. Akwai wani bincike da masana tattalin arziki uku, Bhargava da Loewenstein da Sydnor, suka wallafa a 2017, sun duba ma'aikata sama da 20,000 na wani babban kamfani a Amurka da aka ba su tsare-tsare 48 su zaɓa, asibitocin ɗaya ne, maganin ɗaya ne, bambancin kawai a rabon kuɗi yake. Fiye da rabinsu sun zaɓi tsarin da ko ta yaya shekara ta kasance sai sun yi asara, ko sun yi ciwo ko basu yi ba. Yaya haka ta faru? Tsoron kuɗin fari ne. Mutum zai yarda a ƙara masa kuɗin wata-wata da ya haura abin da aka rage masa a kuɗin fari, kamar ka biya ƙarin 500 a shekara don a sauke maka 250. Kuma masu ƙaramin albashi su suka fi faɗawa ciki, yawancinsu kuma da shekara ta zagayo basu canza ba. Abin ya taɓa ni gaskiya, don waɗanda ya kamata a fi tausaya wa aljihunsu su ne suka fi biya a banza, ba don komai ba sai don takardun an rubuta su yadda mai karatu zai gaji ya zaɓi wanda yake jin ya fi kwanciyar hankali.

Sai dai ita ma wannan maganar da bayanta. Tsari mai babban kuɗin fari a kan takarda yana iya fin riba, amma yana da wani sharaɗi da ba a rubuta ba, sai kana da kuɗin farin a ajiye. In babu, abin da zai faru shi ne zaka dinga daurewa da ciwo a gida. Ba hasashe nake ba, an gwada. Cibiyar RAND ta yi wani babban gwaji a Amurka daga shekarun 1970 zuwa 1982, aka raba dubban iyalai ta hanyar ƙuri'a, wasu jinya kyauta, wasu suna biyan kaso kaɗan, wasu kusan duka har zuwa wata iyaka. Waɗanda suke biya da yawa sun rage kashe kuɗin jinya da wajen kashi 30 cikin 100, amma matsalar ita ce ba zuwan banza kaɗai suka rage ba, har da zuwan da ya zama dole, domin mara lafiya ba likita bane, bai san wane ciwon kai ne na gajiya wanne ne na hawan jini ba. Ga mai matsakaicin hali lafiyayye ba a ga wata illa a fili ba, amma talakawa masu hawan jini waɗanda ke kan jinya kyauta jininsu ya fi daidaita. Shi yasa in a gidanka akwai mai suga, ko hawan jini, ko asma, ko sikila, wanda magani da ganin likita ya zame masa abin kowane wata, ni bana ba da shawarar babban kuɗin fari, don kuɗin farin nan ba wai ƙila bane a wajenka, tabbas ne, duk shekara sai ka biya shi cas. Holan ta gane wannan, a can akwai kuɗin fari na dole, an daɗe yana yuro 385, amma ganin likitan iyali baya ciki, yara ƙasa da shekara 18 ma basa ciki, saboda kar kuɗi ya hana mutum zuwa tun ciwo yana ƙarami.

To mun gama da kuɗi, saura inda za a duba ka, wanda a aikace shi ne mutane suka fi cin karo da shi. Nan ne zaka ji ana cewa HMO da PPO. Sunayen daga Amurka suka yaɗu, HMO ma har doka aka yi masa a 1973 zamanin Nixon, amma tsarin yanzu yana ko'ina ko da an canza masa suna. A HMO an ɗaure ka da jerin asibitocin da kamfani ya yi yarjejeniya da su, kana da likita ko asibiti guda da zaka fara zuwa, shi ne zai rubuta maka takardar turawa in kana buƙatar ƙwararre, in ka fita jerin da kanka ba za a biya ba sai dai in gaggawa ce. PPO kuma ya sake maka mara, kana iya zuwa wajen ƙwararre kai tsaye, kana iya fita jerin ma amma kasonka zai ƙaru, kuma kuɗin wata-watansa ya fi yawa. Akwai na tsakiya da suka ɗebo nan suka ɗebo can, akwai kuma tsohon salo wanda kai zaka biya asibiti da kuɗinka ka tara rasit ka kai kamfani su mayar maka, wannan yana da yanci amma sai mai kuɗi a hannu da haƙurin jira.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne yadda ake biyan asibitin a bayan fage, kuma yana shafar irin kallon da za a maka in ka miƙa kati. A tsarin HMO da yawa kamfani yana biyan asibiti wani tsayayyen kuɗi a kan kowane mutum da aka yi wa rajista duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Kaga kenan duk gwajin da aka maka, duk maganin da aka baka, daga cikin wannan kuɗin yake fita, asibitin ribarsa tana cikin kar a kashe da yawa. A ɗaya salon kuma ana biyan asibiti ne a kan kowane aiki da ya yi, to nan ribarsa tana cikin a yi da yawa, hoto kan hoto, gwaji kan gwaji. Ba ina cewa likitoci marasa amana bane, da yawansu suna aiki tsakani da Allah duk da haka, amma tsari yana da nasa ja, kuma gara ka san ta wane ɓangare yake jan wanda zai duba ka. Ni a ganina HMO ba abin gudu bane, in asibitocin da ke jerin masu kyau ne kuma suna kusa da kai, samun likita ɗaya da ya san tarihinka ma alheri ne. Inda yake zama azaba shi ne in jerin gajere ne, ko ƙwararren da kake buƙata baya ciki, ko kana yawan tafiya, ko iyalinka suna wani gari kai kana wani.

Kuma jerin da ke cikin takarda ba shi ne gaskiyar ƙarshe ba. Na taɓa raka wani abokina asibiti da dare, matarsa ce ba lafiya, sunan asibitin yana cikin jerin kamfaninsa ƙiri-ƙiri, ya ma nuna wa ma'aikaciyar a wayarsa. Ta karɓi katin ta juya shi ta duba kwamfuta, tace ai sun daina karɓar wannan kamfanin tun watanni saboda bashi ya taru ba a biya su ba. Yana tsaye riƙe da katin, matar tana kan benci ta dafe ciki, ya kira lambar da ke bayan katin tana ta ringin ba a ɗauka. A ƙarshe kuɗi muka harhaɗa aka karɓe ta. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni nake ce masa kar ka tsaya a abin da kamfani yace, ɗaga waya ka kira asibitin da kake zuwa, ko ka taka da ƙafarka wajen masu karɓar kati, ka tambaye su wannan kamfanin kuna karɓarsa yanzu? In ana buƙatar amincewarsu kafin tiyata ko babban hoto, awa nawa suke ɗauka kafin su amsa? Waɗannan ma'aikatan sun fi kowane ɗan talla sanin wane kamfani ne ke biya da wanda ke jan ƙafa.

Sai kuma maganar ciwon da ka shigo da shi. Kamfanin inshora yana tsoron abu ɗaya, kar ya zama marasa lafiya ne kaɗai ke shigowa, masu lafiya suna gefe sai ciwo ya kama su, don in haka ta faru kuɗin da aka tara ba zai isa ba, sai a ƙara farashi, masu sauran lafiya su ƙara ficewa, a haka har tsarin ya ruguje. Dalilin lokacin jira kenan, ka shiga yau amma haihuwa sai bayan watanni kaza, tsohon ciwo sai bayan shekara kaza, a Indiya jiran tsohon ciwo yana iya kaiwa shekara 3. Ba a fafe gora ranar tafiya, wadda ta riga ta samu ciki sannan ta je neman inshorar haihuwa sau da yawa ta makara. Wasu ƙasashen sun hana wannan wariyar, Amurka tun 2014 kamfani ba zai ƙi ka ko ya ƙara maka kuɗi don tsohon ciwo ba a tsare-tsaren da dokar ta shafa, Holan da Suwizalan dole kamfani ya karɓi kowa a tsarin tushe. Inda ba a hana ba kuma, dan Allah in kana cike fom kar ka ɓoye ciwo. Na san jarabar, mutum yana ganin in ya rubuta suga za a ƙara masa kuɗi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar da babban bil ya je gabansu fayil ɗinka na asibiti zasu nema, in suka ga ciwon ya girmi rajistar suna iya ƙin biya gaba ɗaya, ka yi shekaru kana zuba kuɗi a banza.

Wannan ne ma yasa inshorar wurin aiki take yawan fin ta ɗaiɗaiku sauƙi, an haɗa mutane da yawa masu lafiya da marasa lafiya a kwando ɗaya, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, ga mai aiki yana biyan wani kaso, sau da yawa ma ba a tambayar tsohon ciwo. Rauninta ɗaya ne, ranar da aiki ya tafi ita ma ta tafi, kuma wani lokacin ciwon ne ma ke raba mutum da aikin. Sai ka tambaya tun yanzu ko ana iya ci gaba da ita da kuɗinka in ka bar wurin.

Inda kuma ake da zaɓi tsakanin tsarin gwamnati da na kamfani, Jamus ce misalin da ya fi koyar da darasi, ita ce ma ta fara inshorar lafiya ta ƙasa a 1883 zamanin Bismarck. Kusan mutum 9 cikin 10 a can suna tsarin gama-gari, inda ake cire kuɗi gwargwadon albashi, mata ko mijin da baya aiki da yara suna shiga ba tare da ƙarin kuɗi ba. Mai babban albashi ko mai sana'ar kansa yana iya ficewa ya koma na kamfani, inda farashi ya danganta da shekarunka da lafiyarka ranar shiga, kuma kowane kai da kuɗinsa. Saurayi lafiyayye mai albashi mai kyau zai ga na kamfani ya fi araha, ga saurin ganin likita. Sai aure ya zo, yara suka zo, shekaru suka ja, kuɗi ya dinga hawa, in ya haura shekara 55 kuma komawa tsarin gama-gari ya kusa zama ba zai yiwu ba. Wato zaɓin da ya yi yana ɗan 30 shi zai bi shi har tsufa. Ko a ina kake wannan tambayar tana aiki, in na shiga nan, ƙofar fita a buɗe take? In na canza kamfani, lokacin jira zai dawo sabo? In na tsufa ko na yi babbar jinya bana, zasu sabunta min baɗi, kuma a nawa?

Ga wanda zuciyarsa bata kwanta da inshorar da aka saba ba saboda maganar kuɗin ruwa da garari, wato rashin tabbas a ciniki, akwai takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984. A nan kuɗin da mahalarta ke zubawa gudummawa ce a asusun taimakon juna, kamfani wakili ne mai gudanarwa ana biyansa ladan aikinsa. Amma shi ma yana da jerin asibitoci, yana da lokacin jira, yana da iyaka, duk tambayoyin nan sai ka yi masa su.

Da na koma kan takardun yayata, abu huɗu na rubuta mata a saƙo. Na farko iyakar kamfani a tsari mai arahan bata kai kuɗin kwanciya biyun da suka yi bara ba in aka haɗa. Na biyu maganin shaƙar da yaron yake amfani da shi kullum baya cikin jerin magungunan tsarin, na gaggawa ne kawai a ciki, kuma wannan jerin magungunan takarda ce daban da sai da ta je ofis ta roƙa aka bata. Na uku a tsari mai arahan ganin likitan ƙirji sai da takardar turawa kowane zuwa. Na huɗu asibitin da suka saba yana cikin duka biyun, amma nace ta kira ta tabbatar. Ta kira ni da yamma tace "Ƙanina kuɗin nan fa da yawa, wata-wata zan ji shi." Nace Yaya na sani, ɗauko biro mu haɗa abin da kika kashe bara a kan yaron nan kaɗai, magani da gado da gwaji. Muka haɗa tana karanto min daga rasit ɗin da ta tara a wata leda, kafin mu kai watan takwas lissafin ya riga ya wuce bambancin da ke tsakanin tsarin biyu na shekara guda. Tayi shiru, sannan tace gobe zata kira asibitin, in sun ce suna karɓa zata cike fom ɗin na biyu, ta kuma ce in tura wa maƙwabciyar teburinta a ofis irin wannan lissafin, ita mijinta ne ke da suga kuma ta riga ta miƙa fom ɗin na farko, amma ance ana iya canzawa kafin ranar Juma'a.